Murjani Ba Ya Jiran A Dawo Da Wuta

Makonni uku da suka wuce, wani abokina da ya kusa kammala ginin gidansa a Badariya ya turo mini jerin kaya ta WhatsApp, ya ce in duba masa ko akwai abin da ya manta. Ya sa magina sun bar masa gurbi a bangon falo, tsawonsa mita biyu, inda zai girke tankin gilashi mai cin lita 1,000 na ruwan gishiri, da murjani mai rai, da kifaye masu launi irin waɗanda ya gani a Dubai. Jerin ya tsaru: tanki, fitilun LED, famfuna, na'urar kumfa, duwatsu, farin yashi, kifi ashirin da sunayensu, kowane abu da farashinsa na dala. Na karanta daga sama har ƙasa sau biyu. Ban ga layi ɗaya da ya ambaci wutar lantarki ba, ko zafin bazara, ko inda ruwan zai fito.

Na kira shi na ce, "Alhaji, abu ɗaya ka manta, Birnin Kebbi." Ya yi dariya, ya ce ni dai ban taɓa ganin abin burgewa na bar shi ya wuce lafiya ba.

Watakila yana da gaskiya a kan halina, amma a kan tankin ba shi da ita. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Tun da bidiyon gidajen attajiran Turai da ƙasashen Larabawa ya cika wayoyinmu, teku a falo ta shiga sahun abubuwan da mai sabon gida yake mafarki, kusa da silin mai fitilu da ƙofar Turkiyya. Matsayina a fili yake. Yadda dillalai suke tallata wannan abu ga masu hali a garuruwanmu yaudara ce, yadda muke karɓarsa kuma sakaci ne da dukiya da rayukan halittu. Duk wanda ya fara tsarin tankin murjani daga gilashi da fitila ya fara daga wutsiya. A ƙasar Kabi tsarin yana farawa ne daga mita da batir, kuma mafi yawan waɗanda suka yi lissafin da gaskiya za su gane cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ake shirin tsarewa

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, jan tsakiya a cikin kayan lefe, saboda haka yakan ɗauke shi dutse. Wancan na ado ƙashin wata dabbar teku ne. Wanda ake sa wa a tanki kuwa tarin ƙananan dabbobi ne masu rai, dubbai a manne da juna, kowace tana gina wa kanta gida da sinadarin alli da take tsotsa daga ruwa. A cikin naman jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ne suke amfani da haske su haɗa abinci, su ciyar da mai masaukinsu, su kuma ba shi launin da yake ruɗar mai saye. Wannan zaman tare yana da sharaɗi mai tsauri. In zafin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri ɗaya ko biyu, ya kuma daɗe a haka, sai murjani ya kori baƙinsa, ya yi fari fat, yunwa ta ƙarasa shi.

Wannan ya faru a tekunan duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. Teku da faɗinta da zurfinta ta kasa kare murjani daga ƙarin digiri ɗaya. Mu kuma muna sa ran lita dubu a falo za ta kare shi daga bazarar Birnin Kebbi.

Ko a gabar tekunmu ta Najeriya babu tsaunukan murjani, domin Neja da sauran koguna suna kwarara ruwan daɗi da laka, shi kuwa yana son ruwa garau mai gishiri tsayayye. Murjanin da ya fi shahara kusa da mu yana Bahar Maliya, wadda alhazan da suke ƙetarewa daga Suwakin zuwa Jidda bayan tafiyar watanni ko shekaru. Abin da mai tanki yake ɗaukar wa kansa shi ne ya kwaikwayi wancan ruwan dare da rana: zafi tsakanin digiri 25 da 26, gishiri giram 35 a kowace lita, kalsiyam tsakanin 400 da 450 a ma'aunin kashi cikin miliyan, amoniya sifili, ruwa yana kaɗawa ba tsayawa. Ba ranar hutu, ba ranar Sallah.

Zafi

Duk wanda ya yi Maris da Afrilu da Mayu a Birnin Kebbi ya san ma'auni yana wuce digiri 40 da rana, kuma bangon siminti yana riƙe zafin har tsakar dare. Ruwan tanki yana bin zafin ɗakin da yake ciki, sannan famfuna da fitilu su ƙara masa nasu. Saboda haka na'urar sanyaya ruwa, wadda a Ingila ko Jamus mutum zai iya yi ba tare da ita ba, a nan ita ce uwar kayan. Ba ta cikin jerin abokina. Aikinta ta zare zafi daga ruwa ta watsa shi cikin iska, don haka in aka cusa ta cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tanki, kamar yadda ake yi don kada ta ɓata ado, sai ta dafa kanta ta dafa falon. Dole a fitar da ita waje, a inuwa, a ja bututu, a kuma sayi wadda ta fi ƙarfin abin da takardar kamfani ta ce, domin waɗancan alƙaluman ba a iska mai digiri 42 aka auna su ba.

Masu goyon bayan babban tanki suna da hujja ɗaya ta gaskiya a nan, kuma zan ba su ita. Ruwa mai yawa yana jinkirin ɗumama. Kafin lita 1,000 ta ƙara digiri ɗaya sai ta sha zafin da ya kai yunit 1.16 na wuta. Amma takobin kaifi biyu ne da shi. In wuta ta yi yini ba ta nan, ruwa ya tashi daga 26 zuwa 31, sai an zare zafin kusan yunit shida kafin ya koma, kuma a hankali za a saukar da shi, domin saurin sanyi ma yana kashe murjani.

Sai hunturu ya zo da nasa. Daren Disamba da Janairu yana iya sa a nemi na'urar ɗumama ruwa, a gidan da wata uku baya ake fama da sanyaya shi. Busasshiyar iskar tana shanye ruwan, babban tanki buɗaɗɗe yana iya rasa lita 10 zuwa 20 a yini. Ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan, saboda haka ɗanɗanon gishirin yana hawa kullum sai an riƙa cikowa da tataccen ruwan daɗi. Ƙurar da muke sharewa daga kan tebur sau biyu a rana kuma tana sauka a fuskar ruwan.

Wuta

A nan ne maganar take ƙarewa ga yawancin mutane. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi mai sanyi. Muddin famfuna suna juya shi, iska tana shiga. Da sun tsaya, kifi da murjani da biliyoyin bakteriyar da ke cikin duwatsu duk suna ci gaba da shaƙar ɗan abin da ya rage. Cikin 'yan awoyi kifi ya fara haki a saman ruwa. Na farko da ya mutu ya fara ruɓa, amoniya ta tashi, ta kashe na biyu. Tankin da aka yi shekara biyu ana reno yana iya zama tafkin wari a dare ɗaya.

Ga lissafi mai sauƙi na tanki irin na abokina, kowa yana iya sake shi da alƙaluman kayansa. Fitilu masu wat 500 na awa goma, yunit 5. Famfon da ke mayar da ruwa, da famfunan igiya, da na'urar kumfa, a ce wat 250 dare da rana, yunit 6. Na'urar sanyaya ruwa mai wat 700, in ta yi aikin awa goma a bazara, yunit 7. Jimla yunit 18 a yini, 540 a wata. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan naira 121,500 ke nan kowane wata, ba a sa na'urar sanyaya falon ba. Kuma alkawarin da aka yi wa rukunin A shi ne awa 20 a yini. Ko an cika shi, awa huɗun da suka rage sun isa su yi ɓarna.

Ba a kuma cika alkawari kullum. A watan Satumbar 2023 gobara ta tashi a babbar tashar wutar Birnin Kebbi ta ƙone taransufoma, Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka shiga duhu. A 2024 babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da yawa har mutane suka daina ƙirgawa. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kowa ya san abin da kwana ɗaya a kansa yake ci.

Za a ce mini ai ga sola. Haka ne, rana ce arzikin da ba mu rasa ba. Amma yunit 18 a yini yana neman faifan sola na kilowat huɗu zuwa biyar na tankin shi kaɗai, da batirin litiyam da bai gaza yunit goma ba don dare, da inbata mai jure tashin na'urar sanyaya ruwa. A hunturu ƙura tana rufe faifan, a Agusta hadari yana kwana biyu bai washe ba, don haka janareta yana nan a matsayin ƙafa ta uku. Sai kuma abin da ba a saye a shago: mutumin da zai farka ƙarfe uku na dare in inbata ta yi ƙara, alhali maigida yana Abuja wurin taro ko yana Umara. Kuɗin wannan tsarin wutar yana iya kai na tankin da kayansa, ko ya wuce. Dillalin da bai faɗa maka haka ba ya san abin da ya sa ya yi shiru.

Ruwa, gishiri, nauyi

Ruwan bohol da muke sha lafiya lau guba ne a hankali ga murjani, saboda ɗan naitiret da fosfet da ƙarfen da yake iya ɗaukowa daga ƙasa. Na famfo kuma akwai kulorin. Dole sai an tace shi da matatar RO, a sake bi da shi ta wata matatar da ke kwashe ragowar sinadarai. Irin wannan matata ta gida takan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da lita ɗaya. Cika tankin sau ɗaya zai ci lita 4,000 zuwa 5,000, wato jarka 160 zuwa 200 irin ta 'yan ga-ruwa. Ana iya juya ruwan da aka zubar zuwa shukoki, kuma ya kamata. Amma mai gida ya tsaya ya dubi wannan adadi a unguwar da maƙwabtansa suke jiran kurar ruwa da safe.

Gishirin ma ba na miya ba ne, ba kuma kantun Bilma ba. Haɗi ne na musamman mai ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran teku, daga waje ake kawo shi. Cikon farko zai ci fiye da kilo 35. In ana canza kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako biyu, kamar yadda masu abin suka saba, kilo bakwai ke nan a wata, fiye da kilo 80 a shekara, da kuɗin waje, har ranar da aka gaji. Haka magungunan gwajin ruwa, haka sinadaran da ake ɗigawa don mayar da allin da murjani ya tsotse.

Sai nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ruwan kawai tan guda. Gilashi mai kaurin milimita 19 na tanki mai tsawon santimita 200, faɗi 70, tsayi 70, ya kusa kilo 250. Ƙara duwatsu, da tankin ƙasa inda matatu suke zama, da ƙarfen da zai ɗauki duka, za ka tashi da kusan tan ɗaya da rabi ko fiye, kamar buhun siminti talatin da 'yan kai a tsibe a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Gurbin abokina a ƙasa yake, Allah ya taimake shi. Wanda ya nufi sa shi a bene ba tare da injiniyan gini ya duba ba, yana wasa da ran waɗanda ke kwana a ƙasa. Ko a ƙasan ma, in daɓen ya karkace kaɗan, nauyin yana taruwa a kusurwa ɗaya, wata rana mannin gilashin ya saki, tan guda na ruwan gishiri ya bi tayil ya sami wayoyin wuta.

Hanyar da kifin ya biyo

Akwai ɓangaren da hoton talla ba ya nunawa. Ban da 'yan nau'o'i kamar kifin nan mai ruwan lemo da fari da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya shahar, wanda yanzu ana kiwonsa, mafi yawan kifin adon teku kamo shi ake yi daga inda yake rayuwa. Indunusiya da Filifin su ne manyan masu fitarwa. A can an daɗe ana yaƙi da masuntan da ke fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya suma a ɗauke shi da hannu. Gubar tana kashe murjanin da ta taɓa, kifin kuma yakan iso da lafiyarsa a ido, ya mutu bayan makonni. Murjani mai ƙashi yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ta sa wa hannu, saboda haka ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takardar izini. Wanda ya ce zai kawo maka shi a jaka ba takarda, ka san da wa kake ciniki.

Yanzu bi hanyar: daga teku zuwa rumbun dillali, zuwa jirgi, zuwa wani jirgin a Dubai ko Doha, zuwa Legas, a jira kwastan, sannan a nufo Birnin Kebbi, duk a cikin leda mai ɗan ruwa da iskar da aka ƙiyasta za ta kai kwana biyu. Wanda ya iso da rai ba a jefa shi cikin babban tanki. Sai ya yi wata guda a wani tankin killacewa, domin cutar fararen ɗigo in ta shiga tana gama kifaye duka, maganinta mai jan ƙarfe kuma yana kashe murjani. Babban tankin kansa sai ya yi mako huɗu zuwa takwas ba kifi, har bakteriyar da ke juya amoniya zuwa abin da ba ya kisa ta kafu. Wannan jiran shi ne abin da mai sabon gida ba ya so, domin yana son baƙi su ga tankin cike ranar walimar tarewa. Kifi ashirin a rana ɗaya a sabon tanki, gawa ashirin ce a mako biyu.

Ga kuma abin da ya shafi yaran gida. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, waɗanda ake ba sabon shiga saboda juriyarsu, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin. An sha kwantar da iyalai a asibiti a Turai da Amurka bayan wani ya goge ko ya zuba tafasasshen ruwa a kan dutsen da suke manne.

Amsoshin da nake samu

Ta farko ita ce, "Kuɗina ne." Gaskiya ne, kuma ba ni da ta cewa in mutum ya sa su a mota ko agogo. Amma kowane makiyayi a fadamar Rima ya san ƙa'idar: dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta suna wuyanka. Kifin da aka ɗauko daga tekun Indunusiya ba shi da inda zai gudu in inbata ta mutu. Mai sayen wani ya maye gurbinsa duk bayan wata biyu, wai don yana da hali, ba kiwo yake yi ba. Kuma kowane oda da ya bayar, wani masunci a can ya sake nitsewa.

Ta biyu, "Dubai ta fi mu zafi, ga shi suna yi." Suna yi. Tankin da ke Dubai Mall, wanda aka buɗe a 2008, yana cin lita miliyan goma. Amma abin da ya riƙe shi ba ya cikin hoton da aka ɗauko: wutar da ba ta ƙiftawa, teku a bakin gari, ma'aikata masu kwana a wurin, da shagon da za ka sami sabon famfo cikin awa ɗaya. A Badariya in famfo ya ƙone ranar Juma'a da yamma, mafi kusa yana Legas ko Abuja, in an dace. Mun kwaso gilashin mun bar abin da ke bayan bango, kallon kitse muke yi wa rogo.

Ta uku ita ce wadda nake girmamawa: "Ina son yarana su tashi suna ganin halittun ruwa, su so kimiyya." Wannan buri ne mai kyau, kuma shi ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai a duk maganar.

Kogin da ke bayan gida

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. A can ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ake bikin kamun kifi a Matan Fada, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kabawa suna da Sarkin Ruwa, suna da al'adar rufe ruwa a hana su har kifi ya girma, tun kafin a zo mana da kalmomin kare muhalli. Amma ɗan ma'aikacin da ya tashi a Badariya zai iya kawo maka sunan kifin fim ɗin Amurka, bai taɓa ganin gaiwa da rai ba.

Kuma kifayen nan ba na raini ba ne. Gaiwa tana da huhu, in ruwa ya janye sai ta shige laka ta lulluɓe kanta ta jira damina. Minjirya tana harba wutar da takan kai volt ɗari uku. Wasu ƙurungu da bayansu a ƙasa suke iyo, ciki a sama. Talibambam yana kumbura ya zama ƙwallo in an tsokane shi. Bargi yana gina sheƙa a cikin ciyawar fadama ya tsare 'ya'yansa. Yauni kuwa, shi ne kifin da Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya yi nazari a kansa a shekarun 1950, ya gano cewa akwai kifayen da ke kewaye kansu da raunanan igiyoyin lantarki su gane abin da ke kusa da su a cikin duhun ruwa. Wani sabon babi na ilimin halittu ya buɗe a kan kifin da muke sa wa a miya. Abin da zai ba ka haushi, ana kwasar irin waɗannan kifayen ruwan daɗi na Najeriya ta Legas zuwa Turai da Amurka, inda masu tankuna suke biyan kuɗi mai kyau su same su. Suna sha'awar namu, mu muna kashe dala a kan na wasu ya zo ya mutu.

Tankin lita 1,000 na kifin Rima ba ya son gishiri, ba ya son matatar RO, ba ya son fitilar wat 500. Kifayen sun san zafin ƙasar nan, kuma irin su gaiwa da tarwaɗa suna shaƙar iska daga sama, ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba ta gama da su. Ba ina cewa wasa ba ne. Yana buƙatar matata, da canjin ruwa, da inuwa a bazara, da sanin wa ke cin wa. Talibambam shi kaɗai ake ajiye shi, yauni yana wuce mita ɗaya kuma mafaɗaci ne, giwan ruwa ba ta tanki ba ce sam. Amma masu wannan ilimin suna kusa: masuntan Argungu da Yawuri, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa kusa da Kainji. Yaron da ya tashi yana kallon ƙurungu a falo shi ne zai tambaya wata rana me madatsun Goronyo da Bakolori suka yi wa ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta. Irin wannan yaron muke buƙata.

Ga wanda ya nace

Akwai wanda zai karanta duk wannan ya ce shi dai murjani yake so, kuma yana da hali da haƙuri. To, ga tsarin da zan yarda da shi, bi da bi. Ya fara kafa wutar, sola da batir da janareta, a layin da ba ya haɗe da na gida, ya gwada ta bazara guda cur kafin ya sayi gilashi. Ya kai ruwan bohol ɗinsa a gwada. Ya kira injiniyan gini. Ya ware ɗaki a bayan bangon don tankin ƙasa da matatu da wurin haɗa ruwa. Kowane famfo ya sayi biyu, ɗaya a ajiye. Ya koyi aikin a ƙaramin tanki na lita 200 da kifin da aka kiwata da murjanin da aka rena a gona, shekara ɗaya, ya kuma koya wa mutum na biyu a gidan. Kada ya taɓa zuba ruwan tanki ko abin da ke ciki a kogi. Kifin adon da aka saki a gabar Fulorida, mai ƙayoyin dafi, yau ya addabi tekun Karibiyan. In ya wuce duk wannan, ya gina babban tankinsa, ni ma zan zo kallo. Iya ruwa fidda kai.

Abokina bai ce ya yarda da ni ba. Ya dai tura lissafin yunit 18 ɗin ga mai haɗa masa sola, farashin da aka dawo masa da shi ya sa ya kwana biyu bai yi maganar Dubai ba. Gurbin yana nan a bango, magina sun jingina tsani a ciki. Ranar Asabar mun yi alkawari zan ɗauke shi mu tafi Argungu da sassafe, kafin masunta su gama sayar da kamun dare, ya ga talibambam da idonsa.